Ƙanina ya samu sauƙi amma ya daina fita: ko zama da masu irin larurarsa zai taimaka?

Maman Ilham:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe ina karanta abin da ake rubutawa a zauren nan ban taɓa cewa uffan ba, yau dai na kasa haƙuri. Ƙanina shekararsa 31. Shekara shida ke nan da likitoci suka ce yana da sikizofireniya, wato ciwon ƙwaƙwalwa da yakan sa mutum jin muryoyi da zargin ana binsa. Sau uku ana kwantar da shi, na ƙarshe bara. Yanzu alhamdu lillahi yana karɓar allurarsa duk wata, muryoyin da yake ji sun lafa, ya daina cewa ana bibiyarsa. Likita ya ce ya daidaita.

To amma ni da nake gida ɗaya da shi na san yadda wannan daidaitawar take. Daga gado sai tagar ɗaki. Abokansa sun watse ɗaya bayan ɗaya, aikin da ya iya ya bari, wayarsa sai ta yi sati ba ta yi ƙara ba. In na ce ya fito ya sha iska sai ya ce "in je wurin wa?" Kuma ba ni da amsa.

Wata ma'aikaciyar jinya ta ce min akwai wuraren da manya masu irin wannan larura suke haɗuwa duk mako su tattauna, su ne da kansu suke jan zaman. Na san iyalai huɗu da muke haɗuwa da su ranar ganin likita, ina tunanin mu fara. Tambayata biyu ce. Abin yana da amfani ko zan ƙara masa damuwa ne? Sannan mu 'yan uwa mu zauna a ciki ko mu bar su?

Baban Nura:
Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya ba shi lafiya mai ɗorewa. Ni shekara goma sha ɗaya muna fama da ɗana, don haka ba daga nesa nake magana ba. Gaskiya ban goyi baya ba. Mutumin da da ƙyar aka samu hankalinsa ya kwanta, sai a kai shi inda wannan zai ce yana jin murya, wancan ya ce ana binsa? Ai fama masa ciwo za a yi. Na biyu kuma maganar sirri. Duk wanda ya ga ya shiga wurin ya san abin da ke damunsa, gobe ya je neman aiki ko neman aure a tayar masa da zancen. Mun sha wahala kafin mu rufa wa yaronmu asiri, ba zan kai shi inda za a tona ba.

Zainabu K.:
Ina bibiya. Halin da muke ciki ke nan da mijina.

Auwal:
Baba, Allah ya ƙara girma, ka yi min izini in yi magana, don ni ne irin wanda ake zancensa. Shekarata tara da wannan ciwon, shekara uku ke nan ina zuwa irin zaman da Anti take tambaya.

Zuwana huɗu na farko ban buɗe baki ba. Ina zama kusa da ƙofa don in abin ya ishe ni in fice, kuma ba wanda ya matsa min. A zuwa na biyar wani dattijo ya ce shi in muryoyin suka taso masa da yamma, abin sauraro yake sa wa a kunne ya kunna rediyo, ko ya riƙa karatu a bayyane har su ja baya. Wallahi jikina sai da ya yi sanyi. Shekara shida ina jin abin nan, likitoci sun tambaye ni a kansa sau ba adadi, 'yan gidanmu sun yi kuka a kansa, amma ban taɓa haɗuwa da mutumin da ya ce "ni ma" ba sai ranar.

Ciwon nan ba mura ba ne, Baba, ba a ɗaukarsa a wurin zama. Jin labarin wani bai taɓa tayar min da nawa ba. Abin da yake tayar min da shi rashin barci ne da zama ni kaɗai ina saƙa da warwara.

Amma ba hirar ce ma ta fi canza ni ba. Bayan wata shida aka ba ni mabuɗin ɗakin da muke zama, ni ke zuwa da wuri in buɗe in jera kujeru. Wata rana nauyin jiki ya kama ni na ƙi tashi. Sai ga waya. Na ɗauka za a ce "ka sha maganinka?" don shi ke nan abin da kowa yake tambayata tsawon shekaru. Sai na ji an ce "Auwal kana ina, muna tsaye a waje, mabuɗi yana hannunka." Na tashi na sa riga na fita da gudu. Rabon da a jira ni don ana buƙatata har na manta.

Zainabu K.:
Auwal ka sa ni hawaye. Allah ya ƙara maka lafiya.

Malam Haruna:
Wannan maganar mabuɗi da Auwal ya yi ita ce ginshiƙin abin tun asalinsa. A shekarun 1940 wasu da aka sallama daga asibitin ƙwaƙwalwa na Rockland a jihar New York ta Amurka suka ga sun fito ba su da kowa, sai suka riƙa haɗuwa a matakalar babban ɗakin karatu na birnin New York. Suka sa wa kansu suna mai ma'anar "ba mu kaɗai ba ne". A 1948 suka samu gida, shi ne Fountain House, yana nan har yau. A can ba a kiran kowa majinyaci, mamba ake cewa. Mambobi da ma'aikata tare suke tafiyar da gidan: amsa waya, rubuta takardu, shara, kiran wanda aka kwana biyu ba a gani ba. Da gangan ake taƙaita yawan ma'aikata yadda aikin ba zai yiwu ba sai da mambobi. Har aikin wucin gadi suke nema wa mutum a waje, da alkawarin cewa ranar da jikinsa ya hana shi zuwa, ma'aikacin gidan zai je ya tsaya a madadinsa don kada mai kamfani ya yi asara. Yanzu akwai irin waɗannan gidaje sama da 300 a ƙasashe fiye da 30.

Baba, ka duba, waɗanda suka fara abin nan su ma tsoron tsangwama suke yi, a zamanin da ake kulle mutum shekara ashirin a asibiti. Kaɗaici ne ya fi ƙarfin tsoron.

Baban Nura:
Malam, na ji tarihi, na kuma gode. Amma gida guda da ma'aikata daban, mutum biyar a ɗaki ba mai kula da su daban. In ɗaya ya rikice a wurin wa zai riƙe shi?

Ummi B.:
Ni zan ɗan goyi bayan Baba, ko da yake ni ma mai larurar ce. Nawa baifola ne, wato yanayina yakan hau sama ƙwarai har in kwana uku ban runtsa ba ina jin ba abin da ya fi ƙarfina, sannan ya faɗo ƙasa in kasa ko wanka. Na taɓa shiga wani zaure na intanet na masu irin ciwona. Da farko na ji daɗi sosai. Sai wata da kowa yake ganin girmanta a ciki ta fara cewa ita ta bar litiyam, maganin da ake ba masu ciwonmu, shekara guda kuma garau take, wai maganin ne yake dakushe mana basira. Ni kuma lokacin rawar hannu ta dame ni, ga ƙiba. Na bari ban gaya wa likita ba. Wata biyu ban cika ba na tsinci kaina a gadon asibiti, na kashe kuɗin da ba nawa ba, na faɗa wa mutane maganganun da har yau nake jin kunyar haɗa ido da su.

Ban ce kada a yi ba. Ina cewa maganar wanda yake irin halinka tana shiga zuciya fiye da ta likita, to in ta alheri ce ta shiga, in ta ɓarna ce ma haka za ta shiga.

Sista Rabi:
Ummi, sannu, kin yi jarumta da kika faɗi wannan. Shekarata goma sha huɗu ina aikin jinya a ɓangaren ƙwaƙwalwa, kuma abin da ya same ki shi ne babban abin da nake tsoro. A 2012 mujallar likitoci ta Lancet ta buga wani nazari da ya tattara gwaje-gwaje 65 a kan masu sikizofireniya. Cikin shekara guda, kashi 27 cikin ɗari na waɗanda suka ci gaba da magani ciwon ya dawo musu, amma waɗanda aka mayar kan ƙwayar da ba magani a cikinta kashi 64 ne. Litiyam kuma yanke shi farat ɗaya yana da haɗari na musamman, yakan sa ciwon ya dawo da wuri.

Duk da haka ina goyon bayan zaman, kuma ga dalilina. Ni minti nawa nake samu da mutum ranar asibiti? Goma in ya yi yawa. Sauran kwana ashirin da tara na wata yana ina, da wa? Magani yana kwantar da muryoyi da ruɗani, amma ba ya dawo wa mutum da aboki.

Maman Ilham, in za ku fara, doka ta farko da za a riƙa karantawa a bakin kowane zama ita ce: kowa yana da damar faɗin yadda magani yake masa, ba wanda yake da damar ce wa wani ya bari, ya rage ko ya canza. Kuma kada a hana ƙorafi. Yawan barci, dalalar yawu, sandarewar jiki, ƙiba, mutuwar sha'awa, duk gaskiya ne, kuma rashin wurin faɗinsu ne yake sa mutane su bar magani a ɓoye. A faɗa, a rubuta a takarda, wani ya raka shi wurin likita a nemi canji. Sau da yawa akwai wani maganin ko wani ma'aunin da zai fi dacewa.

Game da tambayar Baba, mutum ba ya rikicewa haka kwatsam kamar an kunna fitila. Yawanci akwai alamu kwanaki kafin nan: barci ya ƙaurace, magana ta yi yawa ko ta ɗauke, zargi ya fara. Abokan zama sukan riga kowa lura. Kowane mamba tun yana cikin natsuwarsa ya rubuta alamunsa da sunan wanda yake so a kira in an gan su. Kuma ku samu ma'aikacin lafiya ɗaya da ya yarda a neme shi a waya ko da ba ya zama da ku.

Auwal:
Haka muke yi. Ni a takardata na rubuta cewa in aka ji na fara cewa ana magana da ni ta talabijin, a kira yayata, kada a tsaya gardama da ni. Sau ɗaya aka yi amfani da ita. Na yi fushi ranar, bayan sati biyu na yi godiya.

Maman Ilham:
Na gode ƙwarai, ina rubutawa. Saura tambayata ta biyu, ba wanda ya taɓa ta. Mu zauna a ciki?

Auwal:
Anti, kada ki ji haushi. A'a.

Baban Nura:
Ikon Allah. Mu da muke kwana ido biyu, mu da muke bin sa cikin dare in ya fita, mu ne za a ce mu tsaya a waje? Me zai faɗa wa bare wanda ba zai faɗa wa ubansa ba?

Auwal:
Abubuwa da yawa, Baba, kuma ba don ba ya ƙaunarka ba ne. Ni ba zan iya cewa a gaban mahaifiyata wani lokaci ina jin na zame mata kaya ba, don za ta yi kuka, in koma ina lallashinta. Ba zan iya cewa muryar ta dawo jiya da dare ba, don gidan gaba ɗaya zai tashi tsaye a fara kallona. In na yi dariya a ce ciwo ne, in na yi fushi a ce ciwo ne. A wurin zamanmu in na yi fushi sai a ce "me aka yi maka?"

Ummi B.:
Wannan gaskiya ne. Kullum a gida kamar ana auna ni nake ji.

Sista Rabi:
Baba, ka yi haƙuri in ƙara wani abu, kuma don Allah kada a ɗauke shi a matsayin ɗora laifi. Tun ƙarshen shekarun 1950 wani mai bincike a Landan, George Brown, ya bi sawun waɗanda aka sallama daga asibiti ya ga wani abin mamaki: wasu da suka koma hannun iyaye ko matansu sun fi saurin komawa asibiti a kan waɗanda suka zauna a gidan haya. Da aka zurfafa bincike sai aka gano ba zama da iyali ne matsalar ba, yanayin gidan ne. Inda ake yawan suka da faɗa, ko ake yawan kaffa-kaffa har mutum ba ya motsi sai an bi shi da ido, ciwon ya fi dawowa. Iyali ba su suke jawo ciwon ba, wannan a bayyane yake. Amma gajiya da tsoro suna sa mai ƙauna ya zama mai gadi bai sani ba.

Maganin wannan shi ne ku ma ku samu naku zaman. Babbar ƙungiyar iyalai ta Amurka, NAMI, a 1979 aka kafa ta a garin Madison, kuma iyaye mata biyu ne, Harriet Shetler da Beverly Young, waɗanda 'ya'yansu maza suke da sikizofireniya, suka kira taron farko. Har yau zaman iyalai daban suke yi, na masu larura daban. Baba, shekara goma sha ɗaya kana ɗauke da wannan kaya. Kai wa ka taɓa faɗa wa cewa ka gaji?

Baban Nura:
Ba kowa. Ko mahaifiyarsa ba na faɗa mata, don ita ma nata ya ishe ta.

Zainabu K.:
Ni ma haka, Baba. In an buɗe na iyalai ni ce ta farko.

Malam Haruna:
Akwai wani salon da ya kamata a sani. A 1987 wani likitan ƙwaƙwalwa a Holan, Marius Romme, ya fito a talabijin tare da wata majinyaciyarsa mai jin muryoyi, Patsy Hage, suka nemi masu irin wannan hali su tuntuɓe su. Ɗaruruwa suka kira, kuma da dama cikinsu suna rayuwarsu lafiya lau da muryoyin. Daga nan aka fara zaman masu jin muryoyi, ya bazu zuwa Ingila da sauran ƙasashe. A wurinsu ba a gardama da mutum kan ko muryar gaskiya ce, ana tambayarsa ne me take cewa, yaushe take zuwa, me yake sa ta yi shiru.

Sista Rabi:
Na san da su, Malam, kuma na koyi abu daga gare su, musamman daina ce wa mutum "ba komai, ka manta da ita". Inda nake taka-tsantsan shi ne kada wani ya ji cewa akwai masu zama da muryoyi ba magani ya ɗauka shi ma haka ne. Wanda muryarsa take umartarsa ya cutar da kansa ko wani, wannan maganar likita ce a ranar, ba ta jiran mako mai zuwa.

Wannan ya kawo ni kan sirri, tunda shi ne damuwar Baba. Abin da aka faɗa a ɗaki ya tsaya a ɗaki, ba ɗaukar hoto, ba naɗar murya, in kun haɗu a hanya ba sai ka nuna inda kuka san juna ba. Togiya ɗaya ce: wanda ya ce yana shirin kashe kansa ko illata wani, ba a rufe wannan, kuma ba a barinsa shi kaɗai har sai an sada shi da taimako. A faɗa wa kowa wannan tun ranar farko don kada daga baya ya ce an ci amanarsa. Wurin zaman kuma ba sai an kafa allo an rubuta ko na su wane ne ba.

Sadiya M.:
Ni tambayata, ba za a iya yi ta waya kawai ba? Yayana ba zai yarda ya fita ba.

Ummi B.:
Za a iya farawa da haka, amma a samu mai kula da zauren da zai goge shawarar magani nan take. Kuma a sa lokacin rufewa. Zauren da na shiga har ƙarfe uku na dare ana hira, mu kuwa rashin barci guba ne a gare mu.

Auwal:
Ta waya ta fi babu. Sai dai ni abin da ya taimake ni har da wankan da nake yi, da rigar da nake sawa, da tafiyar. Ranar zama ita ce ranar da nake sanin sunan ranakun mako.

Sista Rabi:
Tafiyar ma magani ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce masu matsananciyar larurar ƙwaƙwalwa suna riga sauran jama'a mutuwa da shekara 10 zuwa 20, kuma akasari ba ciwon ƙwaƙwalwar ne yake kashe su ba, cututtukan jiki ne irin su ciwon zuciya da ciwon suga waɗanda ba a kula da su ba. Wasu magungunan, kamar olanzafin, suna sa ƙiba da hawan suga. Mai shan litiyam yana buƙatar gwajin jini a kai a kai saboda ƙoda, mai shan kilozafin saboda fararen ƙwayoyin jini. Ga shan taba da ya yi yawa a cikinsu. Zaman da ake tuna wa juna ranar gwaji, ake auna hawan jini, ake fita a taka ƙafa tare, ya yi aikin da ni ba zan iya daga kan teburina ba.

Maman Ilham:
Salam. Ku yi haƙuri na yi shiru kwana biyu. Na miƙa wa ƙanina wayar ya karanta da kansa, ban ce masa komai ba. Ya daɗe a kan maganar Auwal, na ga ya koma sama ya sake karantawa. Bai ce zai je ba. Abin da ya ce shi ne in za a yi kada a yi a harabar asibiti, don ƙamshin wurin kaɗai yana tayar masa da hankali, kuma kada in zauna a ciki. Na ce na yarda. Ya ce kuma kada in tambaye shi me aka tattauna in ya dawo. Wannan ta yi min nauyi, amma na ce to.

Na yi magana da biyu cikin iyalai huɗun, ɗaya ta amince, ɗaya ta ce sai ta tambayi 'yarta tukuna, wanda na ga shi ne daidai. Da ni ma haka na fara.

Baban Nura:
'Yata, maganar sirri har yanzu tana raina, ban sauka daga kanta ba, kuma ba zan ce wa Nura ya je ba. Amma zan nuna masa kamar yadda kika yi, in ya ce yana so ba zan hana ba. Na iyayen kuma in kun tsayar da rana ki sanar da ni.

Maman Ilham:
In sha Allah, Baba. Auwal, ya tambaye ni ko zai iya yi maka magana shi kaɗai kafin ya yanke shawara. In haɗa ku?

Auwal:
Da farin ciki, Anti. Amma kada ki tura min saƙo a madadinsa. Ki nuna masa sunana a zauren ki bar shi, ya rubuto da hannunsa ranar da ya ga dama. Ko sallama kaɗai ya yi zan amsa, in kuma ya yi shiru bayan nan ba zan matsa masa ba. Bayan ƙarfe goma na dare nakan kashe waya saboda barci, in bai ji ni ba ya jira safiya.